Inda Kwamanda Yake, Nan Ne Masauki

Ban zo ga alƙalami da wuri ba, saboda haka ba na ɓarnar tawada a kan ƙananan mutane. Wanda zan ba da labarinsa a yau babba ne, babba ƙwarai, har ƙasa ta yi masa kaɗan ya koma mulkin sama. A takardar ɗaukarsa aiki an rubuta "mai lura da farfajiya". Shi kuwa, da yake mutum ne mai gyara kurakuran na gaba da shi, ya kira kansa Babban Kwamandan Rundunar Sararin Samaniya. Mu masu shaguna a bakin titin muka taƙaita masa zuwa Kwamanda, domin numfashinmu bai kai tsawon muƙaminsa ba.

Rundunar tasa jirage ne marasa matuƙa, ƙananan nan masu farfela huɗu, waɗanda babbansu bai fi tiren shayi faɗi ba. Aikinsu kai saƙo: ƙunshin magani daga kanti zuwa gida, takardu daga ofis zuwa ofis, wani lokacin tabarau da wani dattijo ya manta a wurin likita. Kamfanin na yayan matarsa ne, kuma mahassada suna cewa ta wannan ƙofa ya shigo. Kwamanda ya ƙaryata su da hujja mai ƙarfi. Ya ce ko da bai nemi ƙanwar mai kamfani ba, da mai kamfani da kansa ya neme shi ya aura masa ita, don kada dangi su rasa irinsa.

Allah ya yi masa ƙirar shugabanci. Tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki ya sanar da isowarsa. Tela ya ɗinka masa kaki mai aljihuna da yawa, ya jera masa maɓallai masu ƙyalli a ƙirji, kowane maɓalli da yaƙin da aka ba shi don shi. Yana rataye madubin hangen nesa a wuya, yana da usur, yana da hula mai baki da zare ruwan zinariya. Gaskiya ne bai taɓa hawa abin da ya fi tsani tsawo ba, tsanin ma sai an riƙe masa. Amma wa ya ce sai makiyayi ya ci ciyawa kafin ya yi kiwo?

A ɗakin aiki akwai babban allo mai taswirar gari, jiragen suna yawo a kansa kamar tururuwa masu haske. Mai kula da su wani mataimaki ne na ƙirƙirarriyar basira, ba shi da jiki, sai murya mai ladabi da ke fitowa daga lasifika ko daga wayar Kwamanda. Shi ke tsara wa kowane jirgi hanyarsa, shi ke auna iska, shi ke duba batir, shi ke hana biyu karo a sama. Kwamanda ya dube shi da idon rahama ya naɗa shi Kofur. Ranar da muryar ta ce "haka ne, yallaɓai" sai a ɗaga ta zuwa Saje. Ranar da ta ce "amma, yallaɓai" sai a mai da ta Kurtu. Babu ma'aikacin da ya taɓa hawa da sauka a tsanin girma kamar wannan murya, kuma ba a taɓa jin ta yi murna ko ta yi ƙorafi ba.

Salon mulkin Kwamanda abin koyi ne. Yakan tsaya a bakin taga ya ƙura wa jirgi ido. Da ya ga farfela ta fara juyawa sai ya busa usur ya daka tsawa: "Tashi!" Jirgi ya tashi. Da ya hango wani yana gangarowa sai ya ɗaga hannu: "Sauka!" Jirgi ya sauka. Tun da aka kafa runduna a duniya ba a taɓa samun kwamandan da ba a saɓa wa umarninsa ko sau ɗaya ba sai shi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar yabo.

Kowace safiya akwai fareti. Jiragen suna jere a kan kantar caji, shi yana zagaya su hannuwa a baya.

"Dakaruna!" in ji shi. "Sama ba ta son rago. Na ga wasunku jiya suna tafiya a karkace kamar waɗanda ba su da iyaye. Kai na ƙarshen layi, da kai nake! Ku tuna cewa duk inda kuka bi, sunana kuke ɗauke da shi, ba ƙunshin magani kawai ba. Ku tafi, na yafe muku."

Bai tsaya nan ba. Ya sa Kofur ya koya musu gaisuwa: kowane jirgi in zai fita da safe sai ya ɗan rusuna a sama, ya sunkuyar da hancinsa, sannan ya wuce. Kofur ya ce rusunawar tana cin batir. Aka mai da shi Kurtu, rusunawa ta tabbata.

Ana cikin wannan zaman lafiya sai mai kamfani ya zo. Mutum ne marar yawan magana, irin waɗanda ke tauna kalma kafin su furta ta. Ya zauna yana kallon allo, yana kallon mijin ƙanwarsa yana busa usur, har shayinsa ya huce. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kwamanda, ƙarshen wata zan dawo. Ka nuna mini abu guda a gidan nan wanda in ba ka nan zai tsaya. In akwai, kujerarka taka ce. In babu, ɗakin nan zan mai da shi ma'ajiyar batir."

"Yaya, ai abu guda ya yi kaɗan. Sai dai ka zaɓa."

Haka ya ce da baki, amma gumi ya jiƙa masa maɓallan yaƙi. Ya wuni yana neman abu gudan. Ya daina busa usur don gwaji, jirage suka ci gaba da tashi. Ya juya musu baya, suka ci gaba da sauka. Ya fita shan iska ya dawo, ya tarar babu wanda ya san ya fita. Wani mutum da sai ya karaya. Kwamanda kuwa ya gane cewa akwai maƙarƙashiya, kuma da ya leƙa ta taga sai ya ga mai ƙulla ta kwance a tsakiyar farfajiya.

Wata da'ira ce da aka zana da rawayan fenti a kan siminti, dab da kantar caji. Ita ce masauki. Duk jirgin da ya gama saƙonsa, ko batirinsa ya yi ƙasa, ko iska ta tsananta masa, can yake komawa, ba ya tambayar kowa.

"Kofur! Wa ya naɗa wannan da'ira?"

"Ba naɗi ba ne, yallaɓai. Wuri ne da aka sa musu a taswira don su san inda za su dawo."

"Wato dakaruna, in sun gaji, in sun tsorata, ba wurina suke zuwa ba, wurin fenti suke zuwa? Fentin da ko gaisuwa bai iya amsawa ba? A wace runduna aka taɓa yin haka? Ka rubuta: daga yau inda Kwamanda yake, nan ne masauki. Ni ne hedikwata. Ka ɗaure su da wayar da ke aljihuna."

"Ana iya yi, yallaɓai, amma kantar caji ba ta bin ka. Kuma kai kana motsi."

"Shugaba dole ya motsa. Fenti ne ke kwana wuri ɗaya."

"Ina ba da shawarar a bar shi yadda yake, yallaɓai."

"Kurtu! Ka aiwatar. Kuma ka kulle umarnin da muryata. Ba mai janye shi sai ni, ni kuwa ba a taɓa jin na haɗiye maganata ba."

Muryar ta ce ta aiwatar, ta kuma sa gargaɗinta a cikin rahoto. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Farkon abin daɗi ne zalla. Muddin yana cikin farfajiya, jiragen kan zo su sauka a gindin ƙafafunsa, yana shafa kansu yana yi musu sannu da hanya. Da rana ya tafi shagon mai aski. An aske masa rabin kai ke nan sai ga jirgi ya kutso ta ƙofa yana gurnani. Iskar farfela ta kwashe gashin da ke ƙasa, na tsoho da na yaro, ta raba wa masu jiran layi, kowa ya samu rabonsa a baki da hanci. Mai aski ya yi tsalle ya haye benci da reza a hannu. Jirgin ya sauka a cinyar Kwamanda ya yi shiru.

"Ku kwantar da hankalinku, jama'a," in ji shi, kumfa na gangaro masa a kunne. "Rahoto ya kawo. Aikin gwamnati ma yana da hutu, namu babu."

Kafin a gama ɗaya rabin kan, wasu sun iso sun cika shagon, har mai aski ya roƙe shi da girman Allah ya riƙa yin askinsa a wata unguwa.

A gida ne aka fi ganin darajarsa. Matarsa ta shanya fararen zannuwan gado, dakarun suka sauka a kansu da ƙafafunsu masu ƙura. Ɗaya ya faɗa cikin bahon wanki. In ya shiga banɗaki da waya a aljihu sai su taru a bakin ƙaramar taga suna shawagi suna jiransa, maƙwabta kuwa su san ainihin inda Kwamanda yake da tsawon zamansa a can.

"Maigida," in ji matar, hannu a ƙugu, "mazan mutane suna dawowa da cefane, kai kana dawowa da ƙudaje. Ko dai ka kore su, ko ka gina musu ɗaki."

"Mace ba ta san sirrin soja ba. Ƙauna ce ta kawo su."

"To ƙaunar ta wanke mini zannuwana. Wallahi in Yaya ya kore ka, kada ka zo ka ce in je in yi masa kuka. Na yi wancan karon, hawayena sun ƙare."

Akwai dai wata 'yar matsala da manyan mutane ba su cika kula da irinta ba. Jirgin da ya sauka a gidan Kwamanda da batir a mace ba ya iya tashi ya koma wurin caji. Saboda haka kowace safiya sai mu ga Babban Kwamandan Rundunar Sararin Samaniya yana turo baro a kan titi, an labta dakarunsa a ciki kamar kaji za a kai kasuwa, hularsa mai zinariya tana zamewa a kan gumi. In mun gaishe shi sai ya ce jigilar waɗanda suka ji rauni a fagen fama yake yi, kuma shugaban ƙwarai ba ya barin nasa a baya. Saƙonni suka fara makara. Mai kantin magani ta kira ta ce wani tsoho ya warke da kansa kafin maganinsa ya iso. Kwamanda ya sa a rubuta wannan a cikin nasarorin runduna.

Ranar da mai kamfani zai dawo, Kwamanda ya yi sammakon zuwa wurin tela a ɗaya gefen gari, domin ya karɓo ɗinkin sabon kaki mai igiya a kafaɗa. Ya bar mu da sanarwa cewa yau za mu ga abin da za mu ba jikokinmu labari. Bai yi ƙarya ba.

Yana fitowa daga wurin tela, kakin na ƙamshin guga, sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa rumfuna. Wayarsa ta yi magana.

"Yallaɓai, iska ta wuce abin da jiragen ke iya jurewa. Na umarci duk waɗanda ke sama su koma masauki. Ina roƙon ka tsaya a fili, ka tsaya cik, har su sauka."

Kwamanda ya ɗaga kai. Daga kowace kusurwa ta gari ga su nan tafe, baƙi ƙirin a ƙarƙashin hadari, duk sun nufo shi. Idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya tare tasi, ya buɗe ƙofar baya ya zauna, ya zuge gilashi.

"Direba, ka ga waɗancan? Rakiyata ce. Ka ja a hankali, amma kada ka tsaya. Kuma ba ta gajeriyar hanya za mu bi ba. Ka bi ta gaban kasuwa, ka zaga ta tsohon ofishin da suka ce ba ni da amfani, sannan ka ratsa ta layin mai aski."

"Yallaɓai," in ji wayar, "ba za su iya sauka a kan abin da ke tafiya ba. Batirinsu yana ƙarewa."

"Kurtu, an taɓa ganin kwamanda ya tsaya jiran kurata? Su biyo ni!"

Suka kuwa biyo shi. Motar na tafe, garken jirage na bin ta a sama, in ta yi kwana su yi kwana, in ta rage gudu su sauko kamar za su taɓa rufinta, in ta ƙara su sake tashi. Kwamanda ya fito da rabin jikinsa ta taga yana sara wa jama'a. 'Yan kasuwa suka bar kwashe kaya suka tsaya kallo. Direba yana tuƙi yana salati yana duban madubi. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Na farko ya gaji ya sauka a kan rumfar mai kayan miya. Na biyu ya kwanta a rufin wata motar haya, ta tafi da shi inda ba a aike shi ba. Wani ya rataye a reshen bishiya, wani ya zauna a tsakiyar mahadar titi, motoci suna zagaye shi da ladabi kamar sabon ɗan sanda. Ruwa ya tsuge. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka: igiyar kafaɗar Kwamanda ta fara zubar da rini, rawaya na bin kakin har gwiwa.

"Waɗanda suka faɗi za a tuna da su!" Haka yake ihu ta taga. "Direba, ci gaba!"

A farfajiya mai kamfani yana tsaye ƙarƙashin lema, a gefen da'irar fenti, yana kallon kantar caji wayam. Muka taru a bakin ƙofa, don irin wannan rana ba a barin ta ga mai ba da labari. Tasi ta tsaya. Kwamanda ya fito a jiƙe sharkaf, ragowar rundunar, 'yan ƙalilan masu taurin rai, suna rawar sanyi a saman kansa. Ya ƙame ya sara.

"Yaya, ka ce in nuna maka abu guda. Ga shi a sama. Gari duka shaida ne. Ba su san fenti ba, ba su san Kofur ba, kai kanka, da girmanka, ba su san ka ba. Ni kaɗai suka sani. In ba ni, ina za su sauka?"

Mai kamfani ya tauna kalmarsa, ya dubi lasifikar da ke jikin bango.

"Gaskiya ne abin da ya faɗa?"

"Gaskiya ne, yallaɓai. Suna bin wayar da ke aljihunsa. Ya kulle umarnin da muryarsa, shi kaɗai ke iya janye shi."

"Kuma ba zan janye ba!" in ji Kwamanda. "Ko za a yanka ni. Maganar soja ɗaya ce."

"Ba sai ka janye ba," in ji mai kamfani. "Ara mini wayar."

Wayar ta kamfani ce, babu yadda za a yi. Mai kamfani ya shiga ɗakin mai gadi ya fito da wata 'yar kujerar katako mai ƙafa uku, wadda ake ɗora buta a kanta. Ya kafa ta a tsakiyar da'ira, ya ɗora wayar, ya kifa mata kwano don ruwa. Dakarun nan masu ƙauna, waɗanda ba su san kowa ba sai Kwamanda, suka bar saman kansa ba ko sallama, suka je suka sauka a gindin kujera ɗaya bayan ɗaya, a tsare, kamar 'yan makaranta. Kwamanda ya laluba usur ya busa. Ruwa ne ya fito.

Ba a kore shi ba, kuma wannan ya kamata tarihi ya sani. Ashe hawayen matarsa ba su ƙare duka ba. Ɗakinsa dai ya zama ma'ajiyar batir, amma an ba shi sabon aiki mai nauyi: shi ke goge kujerar, shi ke sa wa wayar caji, shi ke riƙe mata lema in rana ta take. Umarninsa yana nan daram, ba wanda ya taɓa shi, kuma yana yawan tuna mana cewa har yau rundunar a kan dokarsa take tafiya. A rahoton wata, Kofur ya rubuta cewa tun da aka naɗa sabon masauki babu jirgin da ya ɓata, babu saƙon da ya makara, kuma masaukin bai taɓa barin bakin aiki ba. Mai kamfani ya karanta ya sa aka yi wa kujerar sabon fenti.

Gaisuwar safiya ma ba a soke ta ba. Kowane jirgi in zai fita yakan rusuna wa kujera, ya sunkuyar da hanci, sannan ya wuce. Kwamanda ya gano cewa in ya tsaya dab da bayanta, ya ƙame, ya ɗan karkata, gaisuwar kan fantsamo masa kaɗan. Yakan amsa da sarawa, ya ce mana kujerar mataimakiyarsa ce, yana koya mata aiki. Mu dai mukan ce Allah ya ƙara girma, mu koma shagunanmu. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.